Batirin Kyamarar Dawa da Zafin Sakkwato

Da zarar an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, daji ya yi haske, sai lokacin farauta ya kama a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni kayan maharbi sanannu ne: kwari da baka, da kulki, da barandami, da karnuka, daga baya kuma aka sami bindigar toka da tocilar goshi. A 'yan shekarun nan wani baƙon kayan aiki ya shiga jerin, wato kyamara, kuma iri biyu ce. Akwai 'yar ƙarama wadda mutum ke ɗaurawa a goshi ko a ƙirji tana ɗaukar duk abin da ya fuskanta, wadda za a kira kyamarar goshi a wannan maƙala. Akwai kuma wadda ake ɗaure wa a gindin itace a tafi a bar ta, ta riƙa ɗaukar hoton duk dabbar da ta gitta, dare da rana. Ita ce kyamarar haƙo, domin yadda ake ɗana tarko haka ake ɗana ta.

Dukkansu biyu ransu yana ga batir. Mai karatun da ya bincika littattafan da ke zuwa tare da waɗannan na'urori, ko shawarwarin da maharban Turai da Amurka ke ba juna, zai tarar yawancin maganarsu a kan sanyi take: yadda ƙanƙara ke kashe batir, da yadda za a ɗumama shi a aljihu. A shekarar 2021 ma kamfanin GoPro ya fitar da wani batir mai suna Enduro, wanda babban abin da aka tallata shi da shi shi ne jure sanyi. Wannan damuwa tasu ce, kuma suna da gaskiya. Amma Hausawa na cewa ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. A Sakkwato, inda zafin inuwa kan haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyas daga Maris zuwa Mayu, zafi ne ke cinye batir. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, duk wanda zai kai kyamara dawa a wannan yanki, maharbi ne ko ɗalibi ko malami, wajibi ne ya gina dabarunsa a kan yanayin ƙasarsa, kuma makarantu su ɗauki kula da batir a matsayin darasin kimiyya na sosai.

Daga Ina Aka Faro?

Alessandro Volta ɗan ƙasar Italiya ne ya haɗa batir na farko a shekarar 1800, inda ya jera faya-fayan tutiya da na jan ƙarfe, ya raba tsakaninsu da takarda mai jiƙe da ruwan gishiri. A 1859 Gaston Planté na Faransa ya ƙirƙiro batirin dalma da ake iya sake yi wa caji, wanda jikokinsa ne ke cikin motoci har yau. A 1866 Georges Leclanché ya samar da kakan batirin tocila. Batirin litiyam mai caji, wanda ke cikin wayar hannu da kyamarar goshi, kamfanin Sony na Japan ne ya fara kai shi kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino lambar yabo ta Nobel saboda aikin da suka yi a kansa.

Ita kuwa kyamarar haƙo ta girmi yadda ake zato. Tun wajajen 1890 wani Ba'amurke mai suna George Shiras ya riƙa ɗaura zare a hanyar namun daji, dabbar da ta taɓa zaren sai ta ɗauki hoton kanta. A watan Yulin 1906 mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74. Abin lura, Shiras maharbi ne kafin ya fifita kyamara a kan bindiga.

Batir da Ƙadangare

Ɗalibin da ya taɓa lura da ƙadangare ya riga ya san rabin ilmin batir. Da sanyin safiyar hunturu jan-gwada ba ya iya gudu, sai ya hau katanga ya sha hantsi, jikinsa ya ɗumama, sannan ya kama kai-komo. Dalili shi ne duk motsin jikinsa ya dogara ga haɗuwar sinadarai, ita kuwa haɗuwar sinadarai sauri take ƙarawa idan zafi ya ƙaru. Masanin ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya bayyana wannan da lissafi a 1889. Ƙa'idar da aka saba bi a sauƙaƙe ita ce, a yawancin haɗuwar sinadarai, ƙarin digiri 10 kan ninka saurin aiki kusan sau biyu.

Batir ma tukunyar sinadarai ce. A cikin na litiyam akwai ɓangarori biyu da wani ruwa a tsakani. Lokacin caji ƙwayoyin litiyam kan ƙaura daga ɓangare ɗaya su shige cikin ɗayan, wanda aka yi da wani nau'in gawayi irin na bakin fensir. Lokacin aiki sai su komo, wannan komowa ce ke tura wutar da kyamara ke sha. Idan an yi sanyi ƙwayoyin kan yi nawa kamar ƙadangaren safiya, batir ya zama kamar ya mutu, amma da ya ɗumama sai ƙarfinsa ya dawo.

Zafi kuwa yaudara gare shi. Batir mai ɗumi yakan yi aiki da kuzari, har mai shi ya ɗauka lafiya lau yake. Sai dai zafin da ke hanzarta aikin da ake so, shi ne kuma ke hanzarta wanda ba a so. Ruwan da ke cikin batir kan riƙa ruɓewa a hankali yana yin wani siririn ɓawo a jikin gawayin nan, ɓawon kuma yana riƙe wani kaso na litiyam har abada. Yawan zafi, da barin batir cike taf na tsawon lokaci, su ne manyan abubuwa biyu da ke kaurara wannan ɓawo. Saboda haka sanyi aro yake yi ya mayar, zafi kuwa ci yake yi ba biya. Haka abin yake ga batirin dalma: masu ƙera shi kan yi gargaɗin cewa ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana rage tsawon ransa da rabi. Wanda ya auna wannan da zafin ɗakin kwano a Sakkwato cikin watan Afrilu ba zai yi mamakin yadda baturan sola da na waya ke saurin tsufa a garin ba.

Kula da Kyamarar Goshi

A jikin kowane batir akan rubuta lambobi biyu: bolt, wato ƙarfin turin wuta, da mAh, wato yawan wutar da ya ƙunsa. A ɗauki batirin kyamarar goshi mai mAh 1,700 da bolt 3.8. Idan aka ninka su aka raba da 1,000, za a sami kusan 6.5, ma'ana zai iya ba da wat 6.5 na tsawon awa ɗaya. Kyamarar da ke shan wat 4 ke nan za ta yi kimanin awa ɗaya da rabi. Farautar yini kuwa ba a yin ta a awa ɗaya da rabi. Wanda ya san wannan lissafi zai tanadi batura biyu ko uku tun daren jiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Wat ɗin da kyamara ke sha kusan duk zafi yake komawa a cikin ɗan ƙaramin akwatin da ba shi da fanka. Idan aka haɗa da rana mai dukan goshi, kyamarar kan kashe kanta don kare na'urorinta alhali da sauran wuta a batir. Maganin wannan yana hannun mai ita. Ya rage girman hoton daga babba, irin wanda ake kira 4K, zuwa matsakaici. Ya kashe allon kallo da hanyoyin sadarwar da ke haɗa ta da waya idan ba ya bukatarsu. Ya riƙa ɗauka gajere-gajere maimakon barin ta a kunne tun fita har dawowa. Idan an zauna hutawa a cire ta a sa a inuwa.

Wajen caji ne aka fi yin ɓarna. Yawancin masu ƙera batirin litiyam sun iyakance cajinsa tsakanin digiri 0 da 45. A bazarar Sakkwato iska kanta tana dab da wannan iyaka da azahar, ga shi kuma caji na ƙara nasa zafin. Don haka lokacin caji shi ne dare ko asuba, a wuri mai iska, a kan daɓe, nesa da katifa da matashi. Batirin da aka dawo da shi daga daji yana huci a bar shi ya huce tukuna. Kada a bar shi cikin motar da aka rufe a rana, domin zafin cikinta kan wuce digiri 60. Idan lokacin farauta ya wuce za a ajiye kayan, a bar batir da kimanin rabin caji, a cire shi daga kyamara, a duba shi bayan 'yan watanni. Wanda ya kumbura kuwa ya gama aiki: iskar gas ce ta taru a cikinsa, kuma huda shi ko matsa shi na iya tayar da gobara. A 2016 kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya saboda baturanta na kamawa da wuta, abin da ke nuna lamarin ba na wasa ba ne.

Kula da Kyamarar Haƙo

Kyamarar haƙo takan yi makonni a daji ba mai duba ta, kuma yawanci da ƙananan batura irin na rediyo take aiki, guda 8 ko 12. Zaɓen irinsu shi ne matakin farko. Batirin tocila mai araha, na tutiya da gawayi, ba ya iya ba da wuta mai yawa a lokaci guda, don haka bai dace ba. Araha ba ta ado. Na alkalin ya fi shi, amma ƙarfinsa na sauka a hankali, kuma a zafi yakan yi yoyon wani sinadari mai cin ƙarfe wanda ke lalata mazaunin batir. Na nikel mai caji yana rage kashe kuɗi, sai dai bolt 1.2 yake bayarwa maimakon 1.5. A kyamarar da ke jera 8 a layi ɗaya, wannan na nufin bolt 9.6 maimakon 12, kuma wasu kyamarori kan ɗauka batir ya ƙare tun bai ƙare ba. Bugu da ƙari, zafi na sa shi zubar da cajinsa ko ba a yi amfani da shi ba, don haka a nemi nau'in da aka ƙera don riƙe caji. Na litiyam wanda ba a yi wa caji shi ya fi jurewa, har zuwa digiri 60, amma da tsada. Kowanne aka zaɓa, kada a gauraya sabo da tsoho, ko iri da iri, domin masu ƙarfin kan tilasta wa raunanan har ya fashe da yoyo.

Mataki na biyu shi ne sanin abin da ke tayar da kyamarar. Tana da wani ido na musamman mai jin bambancin zafi. Idan abu mai ɗumi ya gitta gaban wurin da ya fi shi sanyi, sai ta farka ta ɗauki hoto. A dazuzzukan Turai wannan na aiki sarai, domin dabba ta fi kewayenta ɗumi nesa ba kusa ba. A nan kuwa da tsakar ranar bazara yashi da duwatsu kan kai zafin jikin dabba, har su wuce. Sakamakon haka matsala biyu ce. Ta farko, zomo ko dila na iya wucewa idon bai ji shi ba. Ta biyu, ciyawar da rana ta gasa idan iska ta kaɗa ta sai kyamara ta ɗauka dabba ce, ta yi ta ɗaukar hotunan banza ɗari bisa ɗari har batir ya ƙare.

Saboda haka ɗana kyamara da kyau shi ne rabin kula da batirinta. A ɗaure ta a inuwa, gindin tsamiya ko aduwa ko wani itace mai duhuwa. A fuskantar da ita kudu ko arewa, don kada fitowar rana da faɗuwarta su doki idonta. A share ciyawa da rassan da ke gabanta. A saita ta ta riƙa jinkirtawa tsakanin hoto da hoto. A tuna kuma cewa aikin dare ya fi cin wuta, domin tana kunna wasu fitilu masu hasken da idon mutum ba ya gani, kuma bidiyon dare ya fi komai shanye batir. Wanda ke son sanin irin dabbobin da ke wuri kawai, hoto ya ishe shi.

Abin da Ake Hasara

Mai yiwuwa a ce duk wannan ɗawainiya a kan hoto kawai? Ga masanin halittu hoton shaida ne. A 2020 ƙungiyar WCS ta fitar da hotunan da kyamarorin haƙo suka ɗauka a tsaunukan Mbe na Jihar Kuros Riba, inda aka ga garken gorila irin na yankin tare da 'ya'yansu, alhali wannan nau'i yana cikin mafi ƙaranci a duniya. Gani ya kori ji. A maƙwabciya Nijar, raƙuman dawa na yankin Kure kusa da Yamai sun ragu zuwa 49 a 1996. Da aka dage da ƙidaya da kariya suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka mayar Gadabeji a Jihar Maraɗi. Ba a iya kare abin da ba a ƙidaya ba.

Dattawan ƙasar Sakkwato suna ba da labarin barewa da kura da jimina a wuraren da yau gonaki ne. Gauraka, wadda ake ɗauka tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya, ta yi wuyar gani. Abin da ya rage a fadamun Rima da kewayen tafkin Kware da madatsar ruwa ta Goronyo, irin su dila da yanyawa da tunku da bushiya da guza da fakara, yana bukatar a rubuta shi tun yana nan. A wannan aiki mataccen batir na haifar da ƙarya. Masu bincike kan raba yawan hotuna da yawan daren da kyamara ta yi tana aiki. A ce an ɗana ta dare 30 aka sami hoton dila 6, lissafi zai ba da 20 cikin dare 100. Idan kuwa batir ya mutu tun dare na 10 ba a sani ba, amsar gaskiya 60 ce. Kyamarar da ta mutu da dajin da ba dabba, shirunsu iri ɗaya ne. Don haka wajibi ne a rubuta ranar sa batir da irinsa, a saita kyamara ta ɗauki hoto ɗaya kullum ko ba dabba, domin a san ranar da ta tsaya.

Masu Suka

Akwai masu cewa kyamara a hannun maharbi ba abin da za ta yi sai taimaka masa ya ƙarasa ɗan abin da ya rage. Wannan tsoro yana da tushe. Jihar Arizona ta Amurka ta hana amfani da kyamarar haƙo wajen farauta tun daga farkon 2022. Amma kyamara ba ta da niyya, mai ita ke da ita. Babu wanda ya kai maharbi sanin sawu da kashi da mashaya da makwancin dabba, kuma wannan ilmi yana bin tsofaffi kabari. Abin da ya fi dacewa shi ne jami'o'i da makarantu su jawo Sarkin Baka da jama'arsa cikin aikin ƙidaya, shi ya nuna inda za a ɗana, ɗalibi ya kula da batir da rubutu. Maharbin da ya ga da idonsa cewa wata guda cur barewa ba ta gitta ba, ya fi saurin yarda a ɗaga wa daji ƙafa fiye da wanda aka karanta wa doka.

Wasu kuma za su ce kyamara kayan masu hali ce. Gaskiya ne tana da tsada. Sai dai sinadaran da ke cikin batirinta su ne a cikin wayar da ke aljihun kowa, kuma ƙa'idar zafi ɗaya ce da ta batirin solar asibitin ƙauye. Ɗalibin da ya fahimce ta ya sami ilmin da zai amfani gidansu ko bai taɓa riƙe kyamara ba.

Makomar Mataccen Batir

Wanda ya shiga daji da batura 12 ya fito da 12. Wanda aka yar a fadama ruɓewa zai yi, abin cikinsa ya bi ƙasa da ruwa, na litiyam kuma idan gobarar daji ta same shi fashewa yake yi. Mafi haɗari shi ne na dalma, wanda wasu ke haɗa wa kyamara da farantin sola. Jama'ar wannan yanki ba su manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara. Waccan dalma daga duwatsun zinariya ta fito, amma ita ce dai a cikin batirin da ake fasawa a bayan gida ana narkarwa. A tara matattun batura a busasshen wuri, nesa da yara, kada a ƙone su, kada a fasa.

Kammalawa

Sakkwato na da abin da ake bukata don zama makarantar wannan ilmi: ga zafin, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Cibiyar Binciken Makamashi da ke cikinta, ga ƙungiyoyin JETS a makarantun sakandare. Ba sai an shiga dazuzzukan da rashin tsaro ya hana shiga ba, gonar makaranta da bakin fadama sun isa.

Ga gwajin da kowane aji zai iya yi. A sami baturan nikel masu caji iri ɗaya guda 8, a cika su, a raba gida biyu. Kashi ɗaya a ajiye a ɗakin kwano. Ɗaya kashin a rufe shi ruf a cikin gwangwanin da ruwa ba ya shiga, a sa a tukunya cikin tukunya, dabarar sanyaya kayan lambu da jiƙaƙƙen yashi wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. A riƙa auna zafin wuraren biyu kullum da azahar ana rubutawa. Bayan mako huɗu a sa kowane kashi a tocila iri ɗaya, a ƙidaya mintocin da za ta yi tana ci. A maimaita da hunturu, a kwatanta. Idan makarantu goma suka yi haka suka haɗa sakamakonsu, za a sami shawarar kula da batir wadda aka auna a ƙarƙashin ranar Sakkwato, kuma ita ce za ta fi amfani ga duk mai ɗana kyamara daga nan har Agadas.